Jaririn Fulawa

Tana zaune a tashar bas ta unguwarmu a Detroit, 'yar sakandare, rigar sanyinta ta yi mata kaɗan. Ta rungume ƙaramin buhun fulawa cikin bargo, an zana masa ido. Makaranta ke ba su, su rene shi mako guda, wai su san wahalar ɗa.

Ba na jin tana buƙatar darasin. Da ɗaya hannun tana share wa ƙanwarta majina, ko dubawa ba ta yi.

"Yaya Deja, jaririnki ya rame," in ji ƙanwar.

"Rufe mini baki, acici. Wa ya cinye fanken jiya?"

Tana jan bargon, tana ɓoye inda aka farke buhun aka ɗiba aka liƙe. Ƙanwar kuwa har yanzu buhun take kallo.