Mai Jifan Laka da Masu Jifan Balo

Shekara da shekaru ni ke jefa wa yayana laka. Shi magini ne, yana gina ruhewa, rumbun lakar nan da muke zuba hatsi, a ƙauyukan da ke kewaye da Buza. Idan gini ya wuce tsayin mutum sai ya hau sama, ni kuma ina ƙasa ina cura laka ina wurga masa. Ko kallona ba ya yi, miƙa hannu kawai yake curi ya faɗa ciki. Masu ganin wannan ƙaramin aiki ne su zo su gwada na yini ɗaya.

Wani rani mijin ƙanwarmu ya dawo daga ci-rani ya shiga aikin kwaɓa mana laka. Wayarsa cike take da finafinan wata ƙwallo ta Amurkawa, wadda ake sa hular ƙarfe ana ture juna. Da azahar, idan mun zauna shan hura a inuwa, sai mu kalla. Dokokin ba mu gane su ba har yau. Abin da muka gane shi ne kowace ƙungiya tana da mutum ɗaya mai jefa balo, wato ƙwallon, sauran duk hannunsa suke jira. Nan take na san ɗan'uwana ne a sana'a.

Masu jifa biyu ne suka raba mu. Na farko dattijo ne a wani fim, kafaɗarsa ta lalace, yana ɓoyewa ana yi masa allura, ya ƙi barin fili. Na biyu a wani shiri mai dogon zango yake. Da ya ji ciwo sai ya kira mai jiran gadonsa, ya damƙa masa balo da hannunsa, ya koma gefe yana tafi. Ni na dattijon ne. Yaya na mai tafi.

A lokacin kafaɗata ta dama ta fara ciwo, ina tsammanin ba wanda ya sani. Ranar nan curi biyu suka kasa kai wa sama, suka fashe a jikin ginin. Da muka zauna Yaya ya ce a kunna na mai tafin.

"Wanga shi na namiji," in ji shi. "Ya san lokacin da hannu yaƙ ƙare, bai jira a hwaɗa mai ba."

"Namijin mi?" na ce. "Wanda tun ba a ce tashi ba yat tashi, har da tahi?"

"Dattijon naka kansa ɗai ya sani. Mutane goma na wahala saboda girman kai nai."

Surukinmu ya duƙar da kai yana wasa da ludayi. Sai na gane ba zancen fim ake ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don ciwon ba, don Yaya ya rasa yadda zai gaya mini sai ta bakin wani Bature na ƙarya.

Washegari Yaya ya ce in koma kwaɓa, suruki ya karɓi jifa. Na wanke hannuna na tafi gida.

Daminar nan kaf, idan na dawo daga gona, bayan gida nake zagayawa ina jifan katanga da hannun hagu. Matata ta ce maƙwabta na dariya. Na ce su yi, haƙoransu ne. Da farko ko akuya ba zan samu ba. Kafin a yanke gero ina ɗora curi a kan katanga inda na ga dama.

Da rani ya kama na jira Yaya ya aiko. Bai aiko ba, ni ma ban je ba. Wani magini daga wajen Keita ya ɗauke ni, kuma Allah ya sa aikinmu na farko ya faɗo ƙauye ɗaya da na su Yaya, shinge kawai ya raba mu. Daga saman gininsa Yaya yana ganina ina jifa da hagu, curi bayan curi, babu wanda ya faɗi. Na ga ya tsaya da laka a hannu, ya daɗe yana kallo.

Da azahar ya aiko mini da hura a ƙwarya. Na sha, don hurar gidanmu ce. Na mayar da ƙwaryar, ban tsallaka shingen ba. Rani huɗu ke nan ina jefa wa baƙo laka, kuma har yanzu idan na ɗaga ido hannun Yaya nake nema.