Keken da Ya Hau Amalanke

Duk lokacin da na ji ku sababbin ma'aikata kuna raina ƙaramin keken nan namu, sai ranar da na je rugar Arɗo Jaɓɓo ta faɗo mini a rai. Ban taɓa mantawa da ita ba.

Ni malamin dabbobi ne. Aikinmu bin rugage muna yi wa shanu allurar rigakafi kafin cuta ta shiga garke. Da fetur ya gagari kowa, wata ƙungiya mai tallafa wa makiyaya ta ce za ta saya mana kekuna masu aiki da batir, ta bar wa shugabar sashenmu, Hajiya Rabi, zaɓi. Dillali ya kawo samfuri biyu Gumel. Ɗaya baƙi wuluk, ga manyan tayoyi, ga fitila, sai ka rantse babur ne. Ɗayan kuwa ɗan mitsitsi mai araha, ana naɗe shi biyu kamar tabarma. Mu dai duk mun mutu a kan babban.

Hajiya ba ta ko tambayi gudunsu ba. Cewa ta yi, "Malam Sabo, ɗaga wannan mu gani." Na kama babban, da ƙyar na raba shi da ƙasa. Ƙaramin kuwa na naɗe, na ɗauke da hannu ɗaya. Ta ce shi za a saya.

Na ce, "Ranki ya daɗe, wannan ai dariya za a yi mana."

Ta ce, "To, a yi mana. Dariyar nake so."

Aka kuwa yi. Masu adaidaita sahu ba su bar ni na sha ruwa ba, kullum sai sun tambaye ni ko na ɗan autana na ara. Haushi kamar ya kashe ni.

Bayan girbi sai ciwon huhu ya ɓulla wajen Ɗanzomo, cutar da kan kwashe garke guda. Rugar Arɗo Jaɓɓo na nan kusa, kuma suna shirin tashi. Matsalar ita ce mutanen nan ba su yarda da ma'aikacin gwamnati ba. Da sun hango baƙo a kan abin hawa mai ƙyalli, sun ɗauka masu ƙirga shanu ne don haraji. A baya mun sha zuwa da babur, mu tarar da maruƙa da tsofaffi, a ce shanu sun tafi kiwo nesa. In suka tashi babu allura, dukiyarsu ta tafi ke nan.

Hajiya ta ce in je ranar kasuwa da la'asar. In yashi ya tare ni, kada in tura, in naɗe keken in zauna bakin hanya. Haka aka yi. Ina zaune da akwatin sanyi na magani, sai ga amalanken shanu ta dawo daga kasuwa, cike da mata da ƙoren nono. Suka ga ƙato zaune gaban keke a lanƙwashe, suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Ayya, bawan Allah, karyewa ya yi? Ku ɗauko shi mana!"

Aka cusa keken tsakanin ƙore, ni ma na hau. A hanya na gaya musu gaskiya, ni malamin dabbobi ne, rugar Arɗo za ni. Tsohuwar ta dube ni, ta dubi keken, ta ce, "To, ai ka riga ka hau." Ashe yayar Arɗo ce.

A wurinsu, wanda mutanen gida suka tsinto a hanya suka kawo, baƙo ne, ba a juya masa baya. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Arɗo ya fito fuska a murtuke, amma da na warware keken a gabansa ya koma daidai, sai ya riƙe baki. Ya ce sai ya hau. Dattijo da rawani ya zaga ruga, babu ƙara ko kaɗan, ko saniya ɗaya ba ta firgita ba. Ya sauka yana haki yana dariya.

Ya ce, "Malam, ka yi allurarka. Amma ban da ƙirga."

Na ce, "Baba Arɗo, allura na zo yi."

Kafin magariba na gama da garken da muka daɗe muna nema ido rufe. Da damina suka dawo, shanunsu lafiya lau, Arɗo ya aiko wa Hajiya man shanu a ƙwarya.

Wallahi matar nan ta burge ni. Mu muna duban abin da zai ƙara mana kwarjini, ita kuwa ta san kwarjinin ne ke korar mana shanu. Makiyayi ba ya buɗe wa mai kwarjini garkensa, amma yakan buɗe wa wanda ya taimaka a hanya. Saboda haka in an yi muku dariya a kan keken nan, ku taya su. Ni da wannan dariyar na shiga rugar da babur bai taɓa shigar da ni ba.