Yadda na zama mai gadin ƙofar jikata

Assalamu alaikum. Masu tambaya ko Alhaji ne ya kwanta ko wayarsa ce ta lalace, to daga ni har wayar muna nan. Jinya ce ta ɓoye ni. Jikata Husna, 'yar shekara tara, ita ce mara lafiyar, amma sai da na fi ta ramewa.

Tana dawowa daga Islamiyya mai adaidaitan da ya ɗauko ta ya taka birki a titinmu na Gyadi-Gyadi, goshinta ya bugi ƙarfe. Ba jini, sai ɗan ƙulu. Uwarta ta gasa mata da ruwan ɗumi, ta shafa man zafi, muka ce Allah ya tsare gaba.

Bayan la'asar ta yi amai. Ta ce haske yana sukar idonta. Na tambaye ta me ya faru a hanya, ta dube ni ta ce, "Wace hanya?"

Nan take muka ɗauke ta sai asibiti.

A asibiti wata matashiyar likita ta haska idonta, ta sa ta tafiya a miƙe, ta faɗi sunayen wasu abubuwa ta ce ta maimaita. Aka ajiye mu ana ta leƙo ta. Ni kuwa na kafe sai an ɗauki hoton kai, ko nawa ne kuɗinsa.

Likita ta ce, "Baba, ƙwaƙwalwarta ce ta girgiza. Irin wannan ba ya fitowa a hoto, kuma ba ma son haska kan yaro da na'urar nan ba dalili. Akwai ƙa'idar da muke bi. In aman ya ci gaba, ko ta ƙi tashi daga barci, ko maganarta ta harɗe, ko ciwon kan ya tsananta, ku dawo a guje. Yanzu maganinta hutu da shiru."

Shiru fa. A gidana.

Kafin mu iso gida, labari ya kai Hotoro da Unguwa Uku. 'Yan dubiya suka cika ɗakin, kowa da lemo da tambayarsa: "Husna, kin gane ni? Wace ce ni?" Wata ma ta miƙa mata waya ta kalli wasan yara, wai don ta saki jiki.

Washegari yarinya ta riƙe kai tana kuka. Ta ɗauko surar da ta haddace tun bara, ta tsaya a tsakiya, ta rasa gaba. Muka koma asibiti, ni dai bakina addu'a, zuciyata tana raya min cewa jikata ta tafi ke nan, ta bar mana jikinta.

Likita ta sake gwada ta tsaf, ta ce babu alamar haɗari. Sai ta tambaya, "Wa da wa ke shiga wurinta?"

"Ai 'yan dubiya ne kawai."

"To Baba, dubiyar ce ke ƙara mata ciwon."

Na shimfiɗa tabarma a bakin zaure, na zauna. Duk wanda ya zo, ni yake dubawa. Har yayata Hajiya Binta ta iso da kular kunu.

"Ni za ka tare, Sani? Ni da na goye ka?"

"Yaya, ki yi haƙuri, yau ko liman ne a nan zai tsaya."

Ta dire kular ta tafi tana faɗa. Na sha kunun, amma bai wuce min da daɗi ba.

Shirun ma ya zo da nasa tsoron. Da na ji ɗakin ya yi tsit sai in lallaɓa in ga ko Husna tana numfashi.

Sannu a hankali aka bar ta ta zaga tsakar gida, sannan makaranta rabin yini, ban da tsallen igiya sai da likita ta yarda. Makonni muka ɗauka. Wata safiya ina jan surar nan, sai na ji muryarta daga ɗaki: "Tsoho, ka tsallake aya." Ta ɗora, ta kai ta ƙarshe. Na juya baya don kada ta ga idona.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitocin nan da alheri, da duk wanda na tare bai riƙe ni ba. Yaya ma ta huce.

Jama'a, rashin jini ba shi ne lafiya ba. Yaro ya bugu a kai, ya yi amai ko ya rikice, ku kai shi asibiti. Ku ɗauke masa waya, kada ya koma guje-guje sai likita ya ce.

In kuma dubiyarsa kuka je, ku tsaya a ƙofa ku yi masa addu'a. Tana isa ɗakin.