Takardu Bakwai Daga Gafakar Kaka

Tun ranar da wasiƙar Yayana ta iso Wurno abinci ya daina shiga mani. Cewa ya yi zai zo hutu, a fito mashi da gafakar Kaka, wato jakar fatar da kakanmu ya bar takardunsa a ciki. Tun rasuwar Baba gafakar tana ɗakina, kuma ni kaɗai na san abin da na yi mata.

Yayan nan nawa shi ne anka ɗauke daga gidanmu yana ƙarami, lokacin da hakimi ya ce kowace unguwa ta ba da yaro ɗaya a kai boko. Inna ta yi kuka kamar an yi mutuwa. Daga elementare ya wuce midil a Sakkwato, ya yi kwaleji, ya haye Ingila, yanzu yana koyar da tarihi a jami'a can Kudu tare da Turawa. Ya daɗe yana rubuta littafi kan abin da ya sami mutanenmu da zuwan Nasara, an ce in ya gama shi ne za a ba shi kujerar farfesa. Ni kuwa iyakata ajin yaƙi da jahilci.

Bara da damina ɗana ya kwanta da zazzaɓi, ga shi na riga na binne ɗaya. A ganina duk abin da Kaka ya rubuta da Larabci addu'a ce, sai na zare takardu bakwai. Ɗaya baduku ya ɗinka wa yaron laya. Biyu na ba Goggonmu ta Rabah, uku na ba ƙawata da ke aure a Kagara, ƙasar Goronyo. Ta bakwai na jiƙa a ƙoƙo, tawadar ta fita, na ɗura wa yaron. Da Yaya ya zo ya ga giɓi, na faɗa mashi shida, na haɗiye ta bakwai. Bai yi faɗa ba. Ya roƙi mijina in raka shi a karɓo su, don ba macen da za ta miƙa wa mai wando da takalmin Turawa layarta.

Mun tashi da asuba a kan jakuna biyu na haya, yaro goye a bayana. Lokacin kaka ne, gero tsaye a gonaki, shinkafar fadama ta fara ja, mata suna ta korar tsuntsaye da gwangwani. Yaya dogo ne, jakinsa kuwa gajere, takalman nan masu sheƙi suna jan ƙasa har munka isa Magarya. Nan munka sha fura da nono ta kwabo, mai kauri ta fi ta garinmu. Tafiya da masanin tarihi akwai wuya. Duk tsohon da ya gani gindin bishiya sai ya sauka, ya durƙusa, ya fiddo littafi ya hau tambaya. Ina kallon yadda yake rubuta maganar tsoffin da ko jikokinsu ba sa saurarensu, ina tuna takardar da na wanke.

Sai bayan la'asar munka shiga Rabah. Garin bakin gulbi ne, kifi ya yi araha, na sisi sai a ci gida guda. Goggo ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi, ta yi ta yi wa Yaya tsiya wai ya rame don Turawa ba su san mai ba. Da ta ji abin da ya kawo mu sai ta dafe ƙugunta.

"Mi? Layata? Wagga da ta warkar mini da gwiwa? Ɗan boko, ka kiyaye ni."

"Goggo, aro za ki ba ni. Malam zai rubuta miki wata."

"Wane malam ad da hannun babana?"

Sai da munka kwana biyu tana ja, sannan ta yarda anka kira baduku ya farke ɗinkin, takardun biyu duk a laya ɗaya suke. Yaya ya warware ta farko a hankali kamar mai cire ƙaya, ya karanta, sai na ga yana danne dariya.

"Goggo, wannan da kika shekara da shi a ƙugu, labarin jakin Kaka ne da ya faɗa rijiya a kan hanyar gudun Nasara zuwa gabas."

"To, shi jakin an fid da shi?"

"An fitar."

"Ka gani ko! Shi ya sa gwiwata ta tashi."

Kowa ya yi dariya har da baduku. Ni ma na buɗe baki, amma ba ta kai mani ciki ba.

Babu mota daga Rabah zuwa Goronyo, sai da munka dawo ta wajen Wurno munka tari lorin da ke zuwa ɗaukar fatun awaki. Kuɗin mota sule ɗaya kowa. Warin da ke cikin motar nan har yau yana zanena. Munka wuce ina hango ganuwar garinmu, na ja mayafi na rufe fuska, ban san wa nake ɓoye wa ba. Hanya duk ramukan damina, sau biyu maza sunka sauka sunka tura. Yaya ya tura tare da su, farar rigarsa ta koma kalar laka, direba yana ce mashi, "Malam, ashe ilimi bai hana ƙarfi."

Kasuwar Goronyo ta cika da mutanen Giyawa da jakunansu, ga gero sabo, ga man shanu a ƙwarya, ga rake. Ban iya sayen komi ba sai ƙosai don yaro. Daga nan da ƙafa munka ƙarasa Kagara. Ƙawata ba ta ja ba. Ta kwance biyu daga wuyan 'ya'yanta, ta uku kuma mijinta ya hau rumbu ya sauko da ita, don can sunka rataye ta saboda ɓeraye. Ɓerayen sun ci gefen fatar, Allah ya sa ba su kai ga rubutun ba.

Da hantsi Yaya ya shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya ya jera takardun tare da sauran na cikin gafaka. Ya nuna mani yadda magabata suke yi: a ƙasan kowace takarda ana rubuta kalmar da ta gaba za ta fara da ita, don kada su rikice. Saura ta wuyan ɗana. Ya miƙo mani aska. Ni na yanke igiyar da hannuna, yaron yana wasa da yatsuna. Yaya ya sa ta a wurinta, ya bi da yatsa, ya tsaya. Ya sake bi tun daga farko.

"Auta, wannan ta ƙare da cewa ga sunayen waɗanda sunka fita Wurno tare da Kaka zuwa gabas ba su dawo ba. Ta gabanta babu."

Ƙasa nake kallo, tururuwa suna wucewa da ƙwayar gero. Na ce, "Yaya, na wanke ta. Na ba shi ya sha."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Duka?"

"Duka."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ba wani wuri da anka rubuta mutanen nan. Na duba takardun Turawa har Ingila, su yawan bindigoginsu kawai sunka rubuta." Ya dubi yaron, ya taɓa kansa. "Shekara da shekaru ina karanta wa 'ya'yan wasu tarihi, ban taɓa zama na karanta miki layi ɗaya na Kaka ba."

Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi. Ƙawata ta tashi ta shiga ɗaki don kada ta ga fuskata.

Mun dawo Wurno ranar Alhamis da yamma. Liman ya rubuta wa yaro aya ta gaskiya anka ɗinka, lafiyarsa lau. Yaya ya koma Kudu da gafaka. Ya ce zai rubuta a littafinsa cewa takarda ɗaya ta ɓace, ba zai faɗi yadda anka yi ba. Shi ya sa ni nake faɗa. Tafiyar nan ta koya mani cewa girmama takarda daban, sanin abin da ke cikinta daban, kuma tsoron da uwa ke ji ba ya mayar da abin da ta ɓata.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, ko anka karanta mashi: in kakanka ko kakarka na cikin waɗanda sunka bar Wurno zuwa gabas shekarar da Nasara sunka zo, ba su dawo ba, ka faɗi sunan a rubuta, ka ba masu zuwa kasuwarmu su kawo gidan malamin tarihi, kowa ya san shi. Zan kwafe da hannuna in aika mashi. Kawo yanzu na sami huɗu.