Layin Da Baba Bai Taɓa Dubawa Ba

Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana buga takardu a wani ofishin ruwa, har sunan Tafireta ya bi shi gida. Mutum ne da ba a yi masa gyara. Ka ce masa ya manta waƙafi, sai ya cire tabarau ya tambaye ka shekarunka.

Da ya yi ritaya aka ba shi tsohuwar kwamfutar teburinsa. Ya kafa ta a falo kusa da taga, ya ɗinka mata riga da ragowar labule. Ni na buɗe masa adireshin imel nasa na kansa, na zuba shi cikin manhajar aika wasiƙu, kusa da na ofis da ke ciki tun da can. Ban duba wanne ne ke gaba ba, wato wanda wasiƙa za ta riƙa fita da shi. Wannan sakacin nawa ne, kuma har yau yana cina.

Baba yana da ƙane guda, Baffanmu, wanda ya tafi ƙasar waje bayan wata baƙar magana da ta shiga tsakaninsu ranar rasuwar mahaifiyarsu. Waya kam babu mai fara kiran wani, duk jini ɗaya ne wajen taurin kai. Amma wasiƙa sana'ar Baba ce, a nan ya ga zai iya sunkuyawa ba tare da an ga ƙeyarsa ba. Duk Asabar da hantsi yakan yaye rigar kwamfuta ya rubuta wa Baffa. Yakan buga sabon adireshinsa a sama ta hannun dama, da kwanan wata a ƙasansa, yadda aka koya masa tun yana saurayi. A ganinsa duk mai hankali nan zai duba ya ba da amsa.

Kullum wani ɗan akwati yakan fito yana neman kalmar sirrin buɗe saƙonnin da suka shigo adireshin ofis, wadda aka canza tun barinsa aiki. Baba yakan rufe shi ya ce, "Ga maroƙin nan kuma."

Shekara uku ba amsa. Tun yana cewa aiki ne ya yi wa Baffa yawa, har ya daina cewa komai. Ya rame, ya rage fita, amma bai fasa rubutu ba.

Ran nan da azahar matar Baffa ta kira. Baffa ya rasu, bayan jinyar wata biyar. Da ta gama kuka ta ce, "Yaya, sau uku ya rubuto yana tambayarka ko ya dawo gida. Sai wasiƙarka ta zo kana labarin gyaran rufi, ko kallon tambayarsa ba ka yi ba."

Baba ya ce, "Wace tambaya?"

Bayan kwana biyu na zauna gaban kwamfutar. A saman kowace wasiƙa akwai wani siririn layi da ke nuna daga inda ta fito, kuma duk na ofis ne a wurin. Can amsoshin Baffa suka yi ta faɗawa, cikin akwatin da ba mai buɗewa. Na je ofishin, suka ce an goge shi bara.

Na dawo na shiga saitin manhajar, na zaɓi adireshin Baba, na danna inda ake mai da shi na gaba. Ko minti ɗaya ban yi ba. Baba yana tsaye a bayana, hannunsa a kan kujera.

"Shi ke nan gyaran?"

"Shi ke nan, Baba. Yanzu duk abin da ka aika, amsarsa nan za ta zo."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, "To, uwata, wa zan rubuta wa?"