Yadda Injin Citta Ya Rufe Mini Baki

Duk wanda ya san ni a layin masu walda na Tudun Wada ya san abu biyu a kaina: hannuna ya iya ƙarfe, bakina kuma ba shi da birki. Matata takan ce ko barci nake yi sai an ji ina ba wani labari. Ban taɓa musawa ba. Ka ba ni benci da mutum uku masu kunne, sai in kai su magariba ba su san rana ta faɗi ba.

A sana'armu, duk abin da ka ƙera, ƙofa ce ko gado ko murhu, bakin titi kake fito da shi ka shafa masa fenti, ka bar shi ya bushe a idon duniya. Tallarmu ke nan, ba mu da wata. Matsalar ita ce idon duniya ya haɗa da idon maƙwabcina. Wani Bakano ne, shagonsa na jikin nawa. Ni kuwa Bazazzagi ne, don haka tun ranar da muka haɗu muke tsokanar juna kamar yadda kakanninmu suka bar mana. Mutumin kirki ne, shi ya riƙe mini shago lokacin da na kwanta a asibiti. Amma Allah Ya sa masa tef ɗin awo a cikin ido. Ya kalli abu sau ɗaya yana wucewa da butar alwala, kafin a sallame salla ya gama ƙera shi a kansa. Na taɓa yin wani murhun gawayi mai ƙofar iska, na ajiye a bakin titi ina ta taƙama. Kafin fentina ya bushe nasa ya fito, kafin wata ya mutu har a Unguwar Mu'azu ana sayar da 'ya'yan murhun nan da jikokinsa. Da na yi ƙorafi sai ya ce mini wai ƙarfe ba shi da uba.

Ana nan sai wata rana wata mama daga Narayi ta kawo mini baro gyara. 'Yar kudancin Kaduna ce, citta take saro wa daga garinsu tana sayarwa. Ina aiki ina zuba mata labarin irin abubuwan da na ƙera, rabi gaskiya rabi gishiri, sai ta buɗe mini tafin hannunta. Duk tabon wuƙa ne, sabo a kan tsoho. Ta ce a wajensu kafin a shanya citta sai an tsaga kowace ɗaya a tsaye da wuƙa, mata su wuni a zaune, hannu ya yi ta zafi. Ta ce injinan da ta gani farfasa cittar suke yi, masu saye kuwa tsagaggiya suke so.

"Oga mai walda, in hannunka ya kai rabin bakinka, yi mana abin tsaga citta mana."

Maganar nan ta shige ni. A karo na farko a rayuwata na ƙi yin aiki a shago. Na kwashe ƙarafa na kai zauren gidana, na rufe ƙofa, na shiga fama. Citta ba ta da ladabi, kowace da irin karkacewarta, wata kamar yatsun tsoho, wata kamar taswirar Najeriya. Cittar da na ɓata kafin in gano kan abin ta isa a yi wa jihar Kaduna shayi har da baƙi. A ƙarshe dai injin ya tsaya da ƙafarsa. Da feda ake taka shi, ba ya neman wuta ba ya neman fetur. Ranar da Mama ta zo gwaji ta ga citta na fitowa gida biyu sumul, sai ta ajiye jakarta ta hau rawa a zaurena tana waƙar coci, matata na leƙowa daga cikin gida tana tafa mata.

Daidai wannan lokacin shugaban ƙungiyarmu ta masu walda ya sanar cewa wasu jami'ai za su zo daga Abuja, daga ofishin gwamnati mai rajistar ƙirƙira da tambarin kasuwanci. Za su yi taron wayar da kan masu sana'ar hannu a zauren taron wata makaranta, su nuna mana yadda mutum zai mallaki abin da ya ƙirƙiro da kansa. Na ce alhamdu lillahi, faɗuwar Bakano ta zo. Nan take na tsara dabarata. Mu dai abin da muka sani, duk abin da ake so ya tabbata a gaban shaidu ake yin sa. Aure da shaidu, cinikin fili da shaidu. To ga zaure cike da jama'a, ga jami'an gwamnati, ga Bakano da kansa a zaune. In na yaye injin a gabansu na yi bayaninsa daga feda har wuƙa, wa zai ƙara cewa ba shi da uba?

Ranar taron na lulluɓe shi da tamfol, na ɗaure da igiya, na ɗora a keke napep, ni kuma na maƙale a gefe da babbar rigata ta sallah. Zauren ya cika: teloli, masu sabulu, masu yaji, kafintoci, da mu masu walda a jere kamar ranar ɗaurin aure. Wata jami'a, hajiya ce mai gilashi da murya a kwance, ita ke bayani. Ta fara da tambari, yadda mai sabulu zai kare sunan sabulunsa. Ni ban ji ko rabi ba, ina ta maimaita jawabina a zuci. Ana cewa akwai mai tambaya, na riga kowa miƙewa. Na sa aka gunguro injin gaba, na karɓi lasifika, na gaida manya da ƙanana, na ce yau jama'ar Kaduna za su ga abin da Turawa suka kasa. Na kama igiya zan kwance.

Ban san hajiyar nan na da gudu ba. Kafin in ja ƙulli na farko ta sauko daga kan dandamali ta dafa tamfol ɗin da hannu biyu.

"Malam, tsaya. Ka shigar da buƙatar rajistarsa?"

"Ranki ya daɗe, ai ita na zo yi. Ga shaidu nan na tara miki, kyauta."

"Shaidun nan su ne za su raba ka da shi. Kada ka ɗaga."

Ta karɓi lasifikar ta juya ga jama'a. Ta ce gwamnati na ba mutum haƙƙin mallakar ƙirƙira ne a kan abin da yake sabo, wanda duniya ba ta riga ta sani ba. In ka baje shi a bainar jama'a kafin ka shigar da buƙatarka, ka mai da shi sananne da hannunka, gobe wani zai iya tsayawa a kotu ya ce ai tsohon abu ne, kowa ya gani. Ta ce a wannan harka takarda ake fara kaiwa, baki ya biyo baya. Muka kalli juna, don kowa a cikinmu tallar bakin titi ya sani. Daga can baya sai na ji muryar Bakano yana cewa a bar bawan Allah ya buɗe abinsa mana, ai ba kyau a hana mutum magana. Aka fashe da dariya.

Bayan taro ta zaunar da ni a gefe. Ta tambaye ni wa da wa suka ga cikin injin. Na ce matata da Mama mai citta. Ta ce a roƙe su su riƙe amana. Ta bayyana mini abin da ake buƙata: zanen injin, da bayani a rubuce na yadda yake aiki da abin da ya bambanta shi da sauran, ta kuma nuna mini yadda zan sami lauyan da ya san harkar. Ba ta ɓoye mini ba cewa takardar ba ɗan sanda ba ce da zai riƙa zagaya kasuwa a madadina, amma da ita zan iya tsayawa a gaban alƙali. Sannan ta kalle ni ta saman gilashinta ta ce daga yau har ranar da ofis zai tabbatar an karɓi buƙatata, kada in yi wa kowa bayanin cikin injin nan. Na tambaye ta ko da kaɗan. Ta ce ko da kaɗan.

Jama'a, na yi azumi a tsakiyar bazara, na taɓa taka ƙarfe mai zafi ba takalmi, amma ban san wahala ba sai a makonnin nan. Ga abin alfahari mafi girma a rayuwata yana zaune a zaurena, ga bakina lafiya lau, an ce kada su haɗu. Da yake ban yarda da kaina ba, sai na daina labari gaba ɗaya, don na san in na fara da zancen ƙwallo a kan citta zan ƙare. Majalisarmu ta bakin shago ta mutu murus. Mai shayi ya ce cinikinsa ya ragu. Limamin masallacinmu ya ja ni gefe ya tambaye ni ko lafiya a gida. Matata kuwa sai ƙiba take yi, tana cewa tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa jin kukan tsuntsu ba sai bana.

Lauya ya zo da mai zane, suka yi alkawarin riƙe sirri a rubuce, sannan na buɗe musu. Su kaɗai aka halatta mini, don haka duk abin da na tara a kansu na sauke. Mai zanen ya fita yana dafe da kai.

Sai babbar jarrabawa ta zo. Wata Juma'a bayan la'asar na ji sallama, na leƙa, sai ga Bakano da ledar lemo, wai shirun da nake yi ya sa ya zo duba mara lafiya. Baƙo ba a tsayar da shi a waje, dole na shimfiɗa masa tabarma a zaure, ga injin nan a lulluɓe a kusurwa, ga ragowar cittar gwaji a kwando kusa da ni. Ya zauna ya jingina da tamfol ɗin kamar bai san da shi ba. Ina kallon gwiwar hannunsa tana lalube. Na ce masa ya matso nan, wajen akwai kunama. Ya matso yana murmushi.

Bai tambaye ni komai ba, ya fi haka wayo. Sai ya hau ba ni haƙuri. Ya ce kada in damu, kowa ya gane abin da ya faru, a layi an gama magana: injin markaɗe ne na gwanjo na sayo na sake wa fenti, hajiyar nan ta gane, shi ya sa ta rufa mini asiri a gaban jama'a. Ya ce shi ma ya faɗa musu, Bazazzagi ya ƙirƙiro inji, ai sai dai a mafarki.

Na ji maganar ta taso mini tun daga tafin ƙafa. Bayanin gaba ɗaya, yadda robobin cikinsa ke riƙe cittar, yadda wuƙar ke bin tsakiyarta, duk ya hau layi a maƙogwarona yana tura juna. Bakina ya buɗe da kansa. Ban san lokacin da hannuna ya faɗa kwando ba. Na danƙo ɗanyar citta ƙatuwa na cusa a baki na gartsa.

Wanda bai taɓa tauna ɗanyar cittar kudancin Kaduna ba bai san wuta ba. Kunnuwana suka yi hayaƙi, hawaye da majina suka ɓalle, na ga kakana da ya rasu yana ɗaga mini hannu. Bakano ya tsorata ya miƙe yana tambaya ko a kira mota. Na girgiza kai, na ci gaba da taunawa ina kallonsa cikin ido har na haɗiye.

"Maganin mura ne," na ce da muryar da ta rage mini. "Ka gaida gida."

Ya tafi bai ɗauki ko inci ɗaya ba.

Ba a daɗe ba lauya ya kira ni ina tsakiyar walda. Ya ce ofis ya karɓi buƙatata, an ba ta lamba da kwanan wata, takardar shaida za ta biyo baya a kan lokacinta. Na tambaye shi tambaya ɗaya tak, ko yanzu zan iya magana. Ya ce in yi ta yi. Na ajiye waya, na kashe injin walda, na aika a kira mini keke napep.

A bakin titi na sauke shi, daidai inda murhuna ya taɓa zama maraya. Mama ta zo daga Narayi da buhun citta da ƙawayenta. Na kwance igiya a hankali don ran Bakano ya ɗan sosu, na yaye tamfol. Mama ta hau feda, citta ta fara zubowa gida biyu, layi ya ɗauki sowa. Ni kuwa na hau kan benci. An ce na fara bayani da hantsi, ban sauka ba sai da ladan ya yi gyaran murya. Har masu wucewa a mota sai da suka san yadda robobin ke aiki.

Bakano yana tsaye yana zagaya injin, idon nan nasa na aiki. Na ciro tef ɗina na gaske na miƙa masa.

"Auna da kyau, Bakano, kada ka wahalar da ido. Wannan ƙarfen yana da uba, sunansa yana can Abuja a rubuce."

Ya juya tef ɗin a hannu, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to uban yaro, ko za a ba shi riƙo. Haka kuwa aka yi. Da odar injin ta fi ƙarfina, lauya ya rubuta mana yarjejeniya, yanzu shi ke ƙera ƙafafun injin da izinina, ni ina haɗa cikinsa. Takardar shaidar da ta iso na sa mata gilashi na rataye a bangon da ya raba shagunanmu, ta ɓangaren da zai riƙa ganinta duk lokacin da ya ɗauki butarsa. Mama kuwa da ta dawo daga garinsu bayan kakar citta, kafin ta gaishe ni sai da ta buɗe mini tafin hannunta. Tsofaffin tabon suna nan, amma babu sabo ko ɗaya.