Na Ɓoye Mata Cewa Robar Ta Fashe

Assalamu alaikum Edita da masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana tawa zan rubuto ba. Ba zan ambaci sunana ko na kowa ba, saboda 'ya'yana suna girma.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da takwas. A unguwar New Bell aka haife ni, a gidan da kakana ya gina bayan ya zo Douala fatauci ya zauna. Na yi bokon Faransanci, ina aikin takardu a wani kamfanin fiton kaya a unguwar Akwa, ina zuwa a kan babur ɗina. A unguwa ana yi mini kallon wayayye. Duk wanda aka ba shi takardar asibiti ko ta hukuma ni yake kawo wa in karanta masa. Na saba a tambaye ni, ban saba in tambayi kowa ba, kuma ban san wannan halin ciwo ne ba sai da ya ci gidana.

Shekararmu goma sha ɗaya da aure da matata. Mace ce mai fara'a, tana ɗinkin kayan yara a ƙofar ɗaki, tana ɗinki tana hira da matan gida. Gidanmu irin na gado ne, ɗakuna a jere, mahaifiyata a na farko, ƙannena da iyalansu a sauran, ba abin da za ka ajiye wani bai gani ba. Bayan haihuwarta ta uku da kamar wata biyu ƙafafunta suka kumbura, ta riƙa haki ko bokitin ruwa ta ɗauko daga famfo, in ta kwanta kuma tari ya taso mata. Da farko mun ɗauka gajiyar jego ce. Da abin ya ƙi, na kai ta asibiti, aka ɗauki hoton zuciyarta. Likitan ya ce zuciyar ta buɗe ta yi rauni, ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Ya ce da magani za ta iya samun sauƙi ta rayu da shi, amma ya dube ni ya maimaita har sau biyu cewa wani cikin zai iya zama ajalinta.

Daga nan aka tura mu ɗakin tsarin iyali, wurin wata nas dattijuwa. Ta ce ƙwayar da aka saba sha kullum ba ta dace da mai irin wannan ciwon ba, amma akwai wanda ake sakawa a dantse, akwai kuma na cikin mahaifa, kuma su ta fi ba mu shawara. Matata ta yarda. Ni na ƙi. Na ji ana hira a majalisa cewa abin dantse yana yawo a jiki, na mahaifa kuma yana ɓacewa, kuma duk da karatuna ban tsaya na tambayi nas ɗin ko gaskiya ne ba. Na ce ni zan ɗauki nauyin abin, zan riƙa amfani da kwaroron roba, wanda mu a nan muke ce wa kapot. Nas ɗin ta ce roba tana aiki in an yi ta daidai kowane lokaci, amma a larura irin ta matata ta fi son a haɗa da wani abu. Sannan ta jawo aljihun teburinta ta ce bari ta nuna mini yadda ake sakawa. Kunya da girman kai suka rufe ni. Na juya harshe zuwa Faransanci na ce mata ni ba yaro ba ne, na sani. Ta mayar da aljihun ta rufe. A hanya matata ta ce, "Maigida, da ka bari ta nuna, ai ba wani abu ba ne." Na ce ta bar maganar.

Gaskiya ban san komai ba, ban taɓa riƙe abin a hannuna ba kafin ranar. Ban iya shiga famasin unguwa, wato kantin magani, in saya ba, domin mai sayarwar ya san ni tun ina yaro, kuma a wurinmu magidancin da aka ga yana sayen roba an gama yanke masa hukuncin yana bin mata. Sai na riƙa tafiya har unguwar Deïdo, wurin wani mai tebur a bakin titi da ke sayar da taba da alewa, kayansa a shanye cikin rana. In saya in cusa a aljihu ko kallon kwalin ban yi. A ɗaki ban da inda zan ɓoye, yara suna bincike, mahaifiyata tana shigowa, don haka na mayar da ƙarƙashin kujerar babur ma'ajiyata. Babur ɗin nan yana wuni a rana a Akwa, ga zafin inji daga ƙasa. Wani lokaci in ɗauko fakitin in ji shi da ɗumi, robar ta yi danƙo, ban ɗauki hakan a bakin komai ba. Da haƙori nake yage ledar. Ba na sakawa tun farko sai can tsakiya. Da matata ta yi ƙorafin zafi saboda bushewar da shayarwa ke kawowa, sai na ɗauko basilin ɗin da ake shafa wa yara, ina ganin na yi dabara.

Haka muka yi wajen wata takwas. Ta fara murmurewa, kumburin ya saɓe, ta koma kan keken ɗinkinta. Sai wata rana na duba bayan mun rabu na ga robar ta tsage. Ita ba ta lura ba. Na naɗe ta a takarda na jefa a masai, na tsaya a banɗaki ina lissafi. Na ce a raina tana shayarwa, al'adarta ma ba ta daidaita ba, sau ɗaya ba zai zama komai ba. Na ce in na faɗa mata hankalinta zai tashi, mai ciwon zuciya ba a tayar mata da hankali. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Dalilin gaskiya shi ne ba na son ta ce mu koma wurin nas ɗin da na ce wa na sani. Na fito na yi shiru, washegari na tafi aiki kamar kullum.

Ba a gane cikin ba sai da ya haura wata huɗu, saboda dama jinin nata yana zuwa yana ɗaukewa. Hakin ne ya dawo, muka je ganin likitan zuciya, gwaji ya nuna. Ban manta yadda ya cire tabarau ya ajiye ba. Ya sa matata ta jira a waje, ya tambaye ni dalla-dalla yadda nake yi, wannan karon na faɗa masa komai. Bai ɗaga murya ba. Ya ce zafi yana cinye roba tun tana cikin ledarta, kuma akwai ranar lalacewa a jikin kowane fakiti da ya kamata in duba. Ya ce basilin da duk wani mai suna narkar da ita cikin ɗan lokaci, akwai man da aka yi da ruwa musamman don wannan, a famasi ake sayarwa. Haƙori yana huda ta, kuma ana matse kan ne a fitar da iska kafin a warware, tun kafin jiki ya taɓa jiki. Sannan ya tambaye ni ko na san ranar da ta fashe. Na ce na sani. Ya ce da mun zo a ranar ko cikin kwana biyu zuwa uku, akwai maganin gaggawa da za a ba ta, kuma da wuya a kai ga haka. Wannan maganar ita ce har yau take tashe ni tsaye.

Likitoci sun zauna da mu a kan ko za a bar cikin. Sun ce kowace hanya akwai haɗari, amma barin sa ya fi. Matata ta ce ta riga ta ji motsi, ba za ta iya ba. Dole aka canza wasu magungunan da suka fi taimakon zuciyarta saboda suna cutar da ɗan ciki. Daga nan kullum sai baya. Damina ta shigo, ruwa ya cika lungunanmu, mota ba ta shiga, ina riƙe ta muna taka katako har bakin titi kafin mu sami tasi. Ta daina kwanciya, sai a zaune a jingine da matasai uku. 'Yarmu ta fari, mai shekara goma, ta koyi dafa shinkafa a wannan daminar. Mahaifiyata kuwa tana ta murna da cikin, tana cewa rabo ne, domin ba ta san abin da likita ya faɗa mana ba. Mutanen unguwa suna yi mini sannu, suna yaba yadda nake ɗawainiya da iyalina.

A wata na takwas aka kwantar da ita, aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, ƙarama amma da ranta. Na yi zaton mun tsallake. Kwana huɗu bayan aikin numfashinta ya sake rikicewa, aka sa mata robar iska a hanci. Wata ranar Laraba bayan la'asar, 'yan dubiya sun watse, daga ni sai ita, ta ce ita abin da ke damunta shi ne ta rasa yadda aka yi, tunda ba mu taɓa sakaci ba, ko dai ita ce ta yi wani kuskure. Jin tana neman ɗora wa kanta ne ya sa na kasa ci gaba da riƙewa. Na faɗa mata ranar, da takardar da na naɗe, da abin da likita ya ce game da maganin gaggawa. Sannan ta ce, "Tun ranar ka sani?" Na ce e. Ta ce, "Da ka gaya mini, Maigida, da ƙafata zan je. Ni ba na jin kunyarsu." Sai ta ce in ɗaga mata matashin.

Bayan kwana biyu ta kira ni ta ce ta yafe mini, in riƙe mata yara, kada in raba su. Ta rasu ranar da jaririyar ta cika kwana goma sha tara, da hantsi, ina wajen karɓo magani. Ko kalmar shahada ba ni na laƙƙana mata ba, yayarta ce.

Yau shekara biyu ke nan. Yarinyar tana hannun yayar matata a can wajen Japoma, domin ba ni da yadda zan yi da jaririya, don haka ko alkawarin kada in raba su ban cika ba. Ranar Lahadi nake kai 'yan'uwanta su gan ta. Tana ƙyuya da ni, in na miƙa hannu sai ta ɓuya a bayan zanen yayar uwarta. Sauran ukun suna wurina da mahaifiyata, wadda ƙarfinta ya ƙare. Babbar ta koma baya a makaranta, ta zama mai shiru. Ana ta ba ni shawarar in sake aure, ni kuwa ko tunanin ba na iya yi. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun faɗa mini, na kuma yi imani. Amma su da suke yi mini nasiha ba su san abin da na sani ba. Na ɗauka yafiyarta za ta sauke mini nauyin, ba ta sauke ba. Ina sallah, ina zuwa aiki, ina dawowa, amma ban ga ranar da zan koma mutumin da nake a da ba, kuma na daina jiran ta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na san akwai magidanta irina da yawa, a New Bell da wajenta, waɗanda likita ya ce matansu su huta, suka ce za su kula da kansu. Roba ba ta da laifi a labarina, ni ne ban san ta ba kuma na ƙi a koya mini. In za ka yi amfani da ita, ka saye ta a famasi ko ka karɓa a asibiti ko da duk unguwa na kallonka, ka duba ranarta, ka ajiye ta inda zafi ba ya kai wa, sabuwa kowane lokaci, kuma kada mai ya kusance ta. In ma'aikaciyar lafiya ta ce za ta nuna maka, ka zauna ka kalla, minti biyu ne. In an ce ran matarka na cikin haɗari, ka bar ta ta zaɓi abin da likita ya ce ya fi tsaro, jikinta ne zai ɗauki cikin ba naka ba. In kuwa ta fashe, ka faɗa mata a take, ku kama hanyar asibiti a ranar. Ku mata kuma ku riƙa tambaya, ku duba da idonku, kada ku bar ranku a kan kalmar namiji cewa ya sani.

Wata rana ƙaramar nan za ta girma ta tambaye ni me ya kashe mahaifiyarta. Kowa zai ce mata ciwon zuciya ne. Ni har yanzu ban san ko zan iya gaya mata sauran ba. Ina roƙon masu karatu su sa marigayiyar a addu'a. Ita ba ta yi laifin komai ba.